Gorar Nonon Habi da Dangol ɗin da Na Ƙara wa Tsanani

Zuwa ga Hajiya Munira, mai kula da Filin Shawarwari.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lahiya, ina farawa da neman gafara bisa ɗora miki nauyin da ba naki ba, da kuma tsawon wannan takarda. Na yi ƙoƙarin taƙaita ta, amma duk abin da na cire sai in ga kamar rashinsa ne zai sa a fahimce ni ba daidai ba. Ki taimake ni don Allah. A garinmu ba ni da wanda zan gaya wa, domin duk wanda na sani yana cikin ɗayan ɓangarorin biyu.

Ni mazaunin wani gari ne mai kasuwa a yankin Dakoro. Ba zan ambaci sunansa ba, kuma sunayen mutanen da zan kawo na sauya su. Sana'ata sayar da maganin dabbobi da yi musu allura. Ban yi nisa a lakwal, wato makarantar boko, ba. Abin da na sani na ilimin zamani daga ƙasidu na same shi, irin waɗanda ƴan porje, wato ma'aikatan ayyukan raya karkara, suke rabawa bayan taron horo. Ina da akwati guda cike da su, na Hausa da na Faransanci mai sauƙi: kan dokar kiwo, kan yadda ake kafa ƙungiya, kan yadda talaka yake neman haƙƙinsa ba tare da tashin hankali ba. Saboda haka ne, da muka kafa ƙungiyar kare burtali, aka naɗa ni sakatare, ko da yake ni Bahaushe ne ɗan manomi, mafi yawan ƴan ƙungiyar kuwa Fulani ne da Abzinawa.

Asalin maganar shi ne, wani attajiri baƙo ya zagaye fili mai faɗi da waya a arewacin garinmu, ya ce gidan kiwo zai yi. Wayar ta haɗiye burtalin da garkunan yankinmu suke bi tun zamanin kakanni, in za su hau arewa da damina su sauko da kaka. Ta haɗa har da tabkin da suke sha a hanya. Bana da shanu suka sauko suka tarar da hanya a toshe, dole suka ratsa gefen gonaki tun ba a gama kwashe hatsi ba. Aka yi ɓarna, aka ci tara, aka fasa wa wani manomi kai. Mutanen da suka rayu tare suka fara kallon juna da ido ɗaya, shi kuwa mai wayar ko ganinsa ba a yi ba.

Na bi matakan da ƙasidu suka tsara ɗaya bayan ɗaya, ban tsallake ko guda ba. Mun rubuta koke. Mun aika wakilai. Mun nemi izinin jerin gwano, muka sha jira har aka ba mu. Abin da ban lura da shi ba shi ne, makiyayi ba ya barin garkensa don ya zo ya riƙe kwali. Waɗanda suka zo ba su cika inuwar gawo biyu ba. Kwalayen da na rubuta da Faransanci, wasu a kife suka riƙe su, tun da ba mai iya karanta su. Wani ma'aikaci ya fito daga biro, wato ofishin hukuma, ya karɓi takardarmu, ya yaba da ladabinmu, aka ɗauke mu hoto. Daga nan shiru.

Sai Arɗo, wato shugaban Fulanin yankin, ya tara dattawa suka sa dangol. Wataƙila kin san shi. Tsohuwar al'adarsu ce: in an ci mutuncinsu a wani gari, sai su yanke cewa ba mai kai dabba ko nono ko man shanu kasuwar garin har sai an gyara. Wanda ya karya kuwa shi ake juya wa baya. Ba a gaishe shi, ba a jan ruwa tare da shi a rijiya, kuma duk wanda ya ba shi saniyar aro ta habbanaye, wadda ake bai wa mutum ya kiwata ya ci moriyar ƴaƴanta, sai ya zo ya kore abarsa.

Na yi murna ƙwarai, domin na ga abin ya dace da babin ƙaurace wa kasuwa da ke cikin ɗaya daga ƙasiduna. A wurin taron, Arɗo maganar sayarwa kaɗai ya yi. Ni ne na miƙe na ce na karanta cewa irin wannan mataki ta ƙananan kafofi yake mutuwa, mutum zai sayar ya ce kyauta ya yi, don haka a haɗa har da kyauta. Matasa suka yi ta sa mini albarka. Dattawa ba su ce komai ba. Aka haɗa. Ina roƙon ki riƙe wannan: da bakina aka ƙara shi.

Dangol ya yi abin da jerin gwanona bai yi ba. Kara, wato kasuwar dabbobi, ta koma sai ƴan awakin cikin gari. Motocin fataken kudu suka riƙa komawa wayam. Harajin kasuwa ya faɗi. Mutanen da suka bar mu tsaye a ƙofar biro su ne suka biyo mu har ruga a cikin mota. Yanzu sun zo da tayi: za a yanke waya a buɗe hanya siririya, amma tabkin zai ci gaba da zama a ciki har sai wani kwamiti ya yi nazari.

Sai dai garin ya juya mana baya. Mahauta sun rataye wuƙaƙensu, masu hura suna damawa da madarar gari ba a saye, dillalai da masu amalanke suna zaune a gindin bango. In na wuce, sai in ji ana cewa ga Arɗon kwali nan. Sarkin Fawa Mainassara, wanda sahu ɗaya muke tsayawa a masallaci tun muna samari, ya tare ni ya tambaye ni ko na san mai wayar a birni yake cin namansa, yunwar kuwa a gidajen mahauta ta sauka. Na koma gida na bincika akwatina duka, ban sami amsarsa ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. Mahaifiyata, Inna, ta tsufa, kuma tun ƙarshen damina take kwance. Cikinta ba ya riƙe komai sai nonon shanu da ƴar hura. Madarar gari ko ƙamshinta ba ta so. Da dangol ya kama, muna kallo ta fara ramewa. Ina da aboki Bafulatani, Samba, tun ƙuruciya. Inna yake ce mata, a gidanmu yake sauka ranar kasuwa tun mahaifina yana da rai. Ban gaya masa komai ba, ban san wa ya gaya masa ba. Wata rana da hantsi sai ga matarsa Habi bisa jaki da kayan itace, ta ce ta zo duba mara lahiya. A ƙarƙashin itacen akwai gorar nono.

Na tsaya a ƙofar ɗaki, dokar da na ƙara tana yawo a kaina, Inna kuwa tana sha tana sa albarka. Na bar ta ta shanye. Tun daga nan Habi takan zo jefi-jefi. Ba ta karɓar ko sisi. Matata Sharifa tana jin ciwon yadda gorar take komawa babu komai a ciki, ta ce a gidansu ba a taɓa mayar da ƙwarya haka ba, amma na hana ta zuba ko tsabar gero, don kada a ce ciniki ne. Samba kuwa ban yi masa godiya ba, shi ma bai tayar da maganar ba. A wurin taro mukan zauna kowa yana kallon takalminsa.

Akwai wani matashi a ƙungiyarmu, Jafaru. Ba mugu ba ne, kuma ba na son ki ɗauke shi haka. Shi ne ya fi kowa asara a kakar bana, har tsare mahaifinsa aka yi. Ya ji ƙishin-ƙishin cewa nono yana shiga gari, kuma ya tabbata dalilin da ya sa aka yi mana rabin tayi ke nan, don an ga bangonmu ya tsage. Ya nemi a taro mai zuwa, kafin a tattauna tayin, kowane magidanci ya dafa Alƙur'ani ya rantse cewa gidansa bai karya ba. Arɗo bai amsa ba, bai kuma hana ba.

Na san Samba. Ba zai rantse a kan ƙarya ba. Zai miƙe ya faɗa, kuma ba zai ambaci sunana ba. Rani yana shigowa, rijiyoyinmu masu zurfi ne, mutum ɗaya ba ya shayar da garke shi kaɗai. Rabin shanunsa na habbanaye ne. In aka juya masa baya a wannan lokaci, gidansa ya tashi, saboda uwata, kuma a kan dokar da ni na ƙirƙira.

In na yi magana, ina tsoron na tona shi. In na yi shiru, rantsuwa za ta tona shi. In na ce a janye maganar kyauta, za a ce ɗan gari ya fara kare ƴan uwansa. Ga kuma tayin. Ƙasiduna sun ce a karɓi ƙaramar nasara a gina a kanta. Da na faɗa wa Arɗo haka, sai ya nuna mini cewa ba a ɗage dangol da sa hannu a takarda. Sai mutanen gari sun taka sun zo ruga da goro sun nemi a yafe. Ni na ɗauka kamar yajin aikin malaman lakwal ne, a dakatar yau a ci gaba gobe. Na tabbata a cikin gari babu wanda ya san ana jiran goro, masu tayin ma sa hannu suke jira.

Don haka, cikin girmamawa, ina neman amsa a kan waɗannan:

1. Shin in fallasa cewa gidana ne nonon yake shiga, kuma ta yaya zan yi haka ba tare da na jefa Samba ba?
2. Shin in hana Habi sake zuwa, alhali na san abin da hakan zai yi wa Inna?
3. Shin mu karɓi rabin tayin, ko mu ci gaba har garin ya gama tsanarmu?

Ina roƙon amsar ta zo a rubuce kafin taron, domin ni in ba a rubuce na ga abu ba, zuciyata ba ta natsuwa da shi.

Naki cikin damuwa,
Mai Akwatin Ƙasidu, daga yankin Dakoro.

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Ba ka dame ni ba. Allah ya ba Inna lahiya.

Bari in fara da ta biyu, don ita ce mai sauƙi. Kada ka hana Habi zuwa. Inna ta sha nononta. Babu burtalin da zai buɗe don tsohuwa ta kwana da yunwa.

Ƙasidunka ba su yi maka ƙarya ba, Jafaru ma bai yi kuskure duka ba. Irin wannan mataki da haɗin kai yake rayuwa, kuma mutumin da aka tsare mahaifinsa yana da haƙƙin ya ji haushi in ya ga wasu suna sassautawa a ɓoye. Amma ka sake karanta takardarka. Ka ce da ka kawo maganar kyauta matasa suka yaba, dattawa suka yi shiru. Wannan shirun ra'ayi ne. Su suka gaji dangol, sun san inda ya tsaya, kuma ba su sa kyauta a ciki ba. Ina zaton shirun da Arɗo ya yi kan rantsuwar ma na mutumin da yake jiran a buɗe masa ƙofar fita ne. Zato ne, ban san shi ba. Amma ya isa a gwada.

Hanyoyi ukun da ka lissafa, wato magana da shiru da neman a janye maganar kyauta, duk a wurin taro suke farawa, shi ya sa kowace ta zame maka rami. Aikinka kafin taro yake. Ka fara da Samba, yau ba gobe ba. Ka je ka yi masa godiya. Abin kunya ne mutum ya sa gidansa a hatsari don uwarka, kai kuma kana kallon takalmi. Ka gaya masa abin da kake shirin yi, ka kuma yi masa alkawarin sunansa ba zai fito daga bakinka ba sai da yardarsa. Kada ka roƙe shi ya rantse a kan ƙarya, kai ma kada ka yi.

Daga nan ka tafi wurin Arɗo kai kaɗai. Ka bar takarda a gida, ka riƙe goro. Ka ce masa nono yana shiga gidanka don mahaifiyarka, ƙarin da aka yi wa dokar naka ne, kuma ka zo neman a janye shi. Ranar taro kuma ka riga kowa miƙewa, tun ba a kawo maganar rantsuwa ba, ka maimaita haka a gaban jama'a. Ka faɗi wanda ya karɓa, ka riƙe wanda ya bayar. In an matsa, ka ce wanda ya zo duba mara lahiya a gidanka baƙonka ne, ba za ka miƙa shi ba, hukuncin a ɗora maka. Sannan ka kawo shawara: sayarwa ta ci gaba da zama haramtacciya, amma a bar kyauta ga mara lahiya da tsoho da jaririn da ya rasa uwa, a fili, da sanin Arɗo. Abin da aka yi da izini ba tsaga ba ne, kuma wannan ya amsa damuwar Jafaru.

Shi ma Jafaru ka gan shi kafin ranar, kada ya fara jin maganar a cikin taro ya ɗauka an shirya masa tarko. Ka tambaye shi tambaya guda: yana da tabbacin gora ɗaya ce take shiga garin? Mutanen da suka rayu tare shekara da shekaru, akwai abokai, akwai surukai, akwai waɗanda suka sha nono ɗaya. In aka dafa Alƙur'ani, ba gida ɗaya zai faɗi ba, kuma ranar ƙungiyarku za ta watse da hannunta, mai waya yana zaune. In ya yarda, a ba shi aikin lura da wannan kyautar.

Ba zan ɓoye maka ba, za ka iya rasa muƙaminka na sakatare, kuma za a yi maka suna wanda ya fi Arɗon kwali zafi. Ka ɗauka. Kai kana da shago da sahun masallaci. Samba rijiya zai rasa.

Maganar tayi kuwa, kada ku karɓe shi yadda yake. Hanyar da babu ruwa a kanta ba burtali ba ce, kuma abin da aka miƙa wa kwamiti bayan kasuwa ta cika ba a cika sake jin labarinsa ba. Amma kada ku ce a'a ku juya baya. Ku faɗi a fili abin da zai kawo ƙarshen dangol: faɗin da garke zai wuce, tabki a waje, turakun siminti a kafa a gaban manoma da makiyaya. Ku yi sauri kuma. Jerin gwanonka bai yi tasiri ba don bai ci wa kowa komai ba. Dangol ya yi tasiri don yana ci, sai dai yana cin waɗanda ba su kafa waya ba, har da ku. Makiyayi ma sai ya sayar da dabba yake sayen gero. Ranar da yunwa ta karya dangol da kanta, ko siririyar hanyar ba za ku samu ba. Kuma ku ja wa matasa kunne kada hannun kowa ya taɓa wayar nan. Ranar da aka yanke ta da fushi, maganar ta tashi daga burtali ta koma ta jandarmomi.

Amsar Sarkin Fawa da ka nema a akwati, ai shi ya ba ka ita. Yana cewa ne wahalar ta sauka a inda bai kamata ba. To ka koma ka ce masa gaskiya ya faɗa, ka gaya masa abin da Arɗo ya gaya maka game da goro. Mahauta da dillalai da masu hura su fara zuwa wurin hukuma da bakinsu su ce a janye waya kasuwarsu ta dawo, sannan su taka zuwa ruga. Kuka daga gari da ruga a lokaci guda ya fi wuyar ajiyewa a biro. A takardarka ka ce babu wanda ya san ana jiran goro. Kai ka sani. Kai kaɗai ne kake zama a taron ruga kuma kake tsayawa a sahun gari, wannan shi ne amfaninka ga ƙungiyar, ya fi rubuta kwali.

Abu na ƙarshe, Sharifa ta fi ka gaskiya. Ranar da za a zauna sulhu, za a buƙaci abin da zai nuna ruga ba ta ƙi gari ba, gari ma bai manta da ruga ba. Rabin wannan shaida tana ɗakin Inna. Ɗaya rabin yana rumbunka. In Habi ta sake zuwa, ka matsa daga ƙofar, ka bar matarka ta cika gorar nan da gero.

Allah ya tashi kafaɗun Inna, ya saka wa Samba da iyalinsa da alheri, ya buɗe muku hanyarku lahiya.

Hajiya Munira